Ra'ayinmu: Masu farautar tashoshin nesa sun riƙe mana wata ƙofa, kada mu bari ta rufe

Sanyi ya shigo, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Cadawa da Gazawa a irin wannan lokaci ya san mutumin da za mu yi magana a kansa. An yi isha'i, an sha shayi na uku, fada ta watse, garwashi ya mutu. Shi kaɗai ya rage a kan tabarma, ya ƙudundune cikin bargo, ƙaramar rediyo manne da kunnensa, yana murɗa ta sannu-sannu kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Labaran ƙarfe takwas da rabi ya riga ya ji su. Abin da yake nema yanzu wata murya ce can ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin shuuu ɗin nan, wadda za ta taso ta yi minti biyu ta sake nutsewa. In ya yi sa'a ya ji an faɗi sunan tashar kafin ta ɓace, to daren ya biya shi.

Akwai irinsa a Agye, akwai a Gangara, akwai a Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori. A Turai da Amurka da Japan masu wannan sha'awa suna da kulob-kulob da mujallu, suna kiran abin DX, wato sauraron nesa. A nan ba su da ƙungiya, sunan da ake kiransu da shi bai wuce mayun rediyo ba, jikokinsu kuma na yi musu dariya, tunda a ganinsu duk abin da tsohon ke wahalar nema yana cikin salula, fes, har da hoto.

Matsayin wannan jarida shi ne dariyar ta yi wuri. Abin da waɗannan mutane ke yi, ko sun sani ko ba su sani ba, shi ne gadin hanya ɗaya tilo da ta rage wadda labari ke bi ya iso gidan talaka ba tare da ya sayi data ba, ba tare da akwai wuta ba, ba kuma tare da wani a tsakani ya ba da izini ba. Hanyar tana toshewa a hankali, kuma akwai hannunmu, mu matasan birni da 'yan uwanmu da ke ci-rani, a cikin toshewar.

Bari mu fara da fuskar rediyon kanta, domin da yawa daga cikin masu karanta mu FM kaɗai suka sani. A jikin tsohuwar rediyo akwai FM, akwai inda aka rubuta AM ko MW, akwai SW. Na tsakiyar shi ne matsakaicin zango, daga kilohaz 531 zuwa 1602 a yankinmu. SW shi ne gajeren zango, wanda iyayenmu ke ƙirgawa da mita: mita 49, mita 31, mita 25, mita 16. Lissafin ba wuya, a raba 300,000 da lambar kilohaz sai mita ta fito, shi ya sa 6090 ta Kaduna take kan mita 49. Siginar FM kamar hasken tocila take, tana tafiya miƙe, iyakarta inda idon dogon ƙarfen tashar ya kai, 'yan gomomin kilomita. Ta matsakaicin zango kuwa hali biyu gare ta, na rana daban, na dare daban, kuma a nan duk daɗin abin yake.

Da rana sigina bin ƙasa take yi, tana rarrafe a kan doronta tana raguwa da nisa. Ƙasa mai laima tana taimakonta, busasshen rairayi irin na jigawar Agye yana cinye ta da wuri. Saboda haka wanda ya kunna rediyo da azahar a Gazawa maƙwabta zai ji. Katsina, wadda ba ta kai kilomita 80 daga nan ba, an san ta a kan 972. Kano tana kan 729. Rediyon Tarayya na Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 300, yana kan 594, Nagarta kuma a kan 747. Mutumin Gidan Rumji ya fi kusa da Sakkwato, inda Rediyon Rima ke kan 540. Ba kullum ake samun su duka ba, wasu tashoshin AM na Arewacin Najeriya kan ɗauke na tsawon lokaci su dawo. Amma a ranar da suke kan iska, allurar rediyo da rana taswirar ƙasar Hausa ce wadda ba a ja mata layin iyaka ba. Yamai kuwa ta haura kilomita 600 daga Agye, nisan da ya fi ƙarfin siginar da ke rarrafe, sai dai mu ji Muryar Sahel ta FM. Za mu dawo kan wannan.

Da rana ta faɗi sai labari ya sauya. Sama da kanmu, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai wani sashe na samaniya da masana ke kira ayonosfiya, inda hasken rana ke caza siririyar iskar da ke wurin. Hawa-hawa ne. Hawan da ya fi kusa da mu, tsakanin kilomita 60 da 90, da rana kaɗai yake samuwa, aikinsa kuma shanye siginar matsakaicin zango kamar yadda rairayi ke shanye ruwan buta. Rana na faɗuwa sai ya watse. Daga nan sigina ta samu hanya ta haura zuwa hawan da ke bisa, daga wajen kilomita 100 zuwa sama, shi kuma ya lanƙwaso ta ya jefo ta ƙasa a wani wuri mai nisan kilomita ɗaruruwa ko dubbai. Ta kan ma sake dira a ƙasa ta koma sama ta ƙara tsalle. Tun a 1902 Heaviside da Kennelly suka yi hasashen wannan rufi, bayan Marconi ya tsallakar da sigina Tekun Atlantika a Disambar 1901, sannan Appleton ya tabbatar da shi a 1924, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1947. Tsohon da ke kan tabarma bai san sunayen nan ba, amma ya san cewa Larabawan gabas su ke fara shigowa bayan magariba, domin duhu ya riga ya rufe hanyarsu, na yamma kuma su ke jimawa har wajen asuba. Ya san dalilin da ya sa Kaduna, da take fes da azahar, kan riƙa shaƙewa tana zuwa tana komawa da almuru: siginar ƙasa da ta sama ne suka haɗu a cikin akwatinsa, wani lokaci su taimaki juna, wani lokaci su kashe juna. Ya kuma san damina ba lokacin farauta ba ne, saboda kowace walƙiya tasha ce mai zaman kanta, tana watsa ƙarar tartsatsi a duk faɗin zangon. Ko wannan ma bai tashi a banza ba, sau da yawa rediyo kan sanar da manomi hadari na tafe tun kafin gabas ta yi baƙi.

Mai wannan rubutu ya taso a gidan da ake da irin wannan maye. Kawuna tela ne a wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji, yana da wani tsohon littafin awo, gabansa awon riguna, bayansa lambobi. A kowane layi akwai lambar tasha, da lokacin da ya kama ta, da harshen da ya ji, da ajami. Yana da Aljeriya a kan 531, da tashar karatun Alƙur'ani ta Masar a kan 864, da wata ta Saudiyya a kan 1521 mai nisan fiye da kilomita 3,000, wadda yake cewa wani daren ta fi Katsina ƙarfi. Yana da Muryar Amurka daga tsibirin Sao Tome a kan 1530 da asuba, da tashar Kiristoci ta TWR da ke Parakou a Benin a kan 1566, wadda ke da shirin Hausa, ya rubuta ta kamar kowace tasha. Akwai layukan da ya sa musu alamar tambaya, inda ya ji wasu na surutu da gudu suna ihu. Sai da na girma na gane masu sharhin ƙwallon Sifaniya ne, wato ya riga mu sauraron Laliga, bai dai san me ake cewa ba. Shi ya fara nuna min cewa duk lambar tasha ta matsakaicin zango a ɓangarenmu na duniya tana rabuwa da 9: a gwada 594, 729, 972, 1566. A makarantar koyon aikin jarida na zo na ji dalili, yarjejeniyar Geneva ce ta 1975, wadda ta fara aiki a Nuwamban 1978, ta jera tashoshin Afirka da Turai da Asiya da tazarar kilohaz 9, nahiyar Amurka kuma tana bin 10. Wadda ta karya masa ƙa'ida ita ce Rediyo Gotel ta Yola, a kan 917. Wannan kaucewa ta kilohaz ɗaya ce ta sa masu sauraron nesa a Turai ke gane ta cikin cunkoson tashoshinsu. A arewacin Finland akwai waɗanda ke shimfiɗa wayar eriya mai tsawon kilomita guda a cikin daji, su kwana cikin ƙanƙara, don su ji irin muryoyin da mu muke wuce su da murɗa ɗaya.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan a ɗauki sauraro da muhimmanci. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, ya zama Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar, inda manoma ke taruwa da dare su saurari shiri, su yi muhawara a kansa, a naɗi ra'ayinsu a aika Yamai a sa a iska. A shekarar ce kuma aka buɗe gidan rediyon Kaduna a zamanin Sardauna, shekara biyar bayan BBC ta fara magana da Hausa a ranar 13 ga Maris 1957. Bamaraden da ya girma a waɗannan shekaru ya saba da jin labari ɗaya daga baki uku ko huɗu kafin ya kwanta. Zuwan rediyoyi masu zaman kansu daga 1994, da na karkara daga 1999, alheri ne babba, babu mai musu. Sun kawo mana sanarwar suna da ta rasuwa, da cigiyar dabbar da ta ɓata, da farashin wake da aya a kasuwar Cadawa, cikin Hausarmu. Manyan gidajen rediyon waje su ma suka koma ba da shirye-shiryensu ta bakin waɗannan tashoshi na FM. Sauti ya yi kyau, jama'a suka daina wahalar murɗa, da yawa suka manta ma inda ake murɗawar.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula a Nijar na kimanin kwana 10. A Satumbar wannan shekara hukumomin Najeriya suka kashe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A farkon Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka dakatar da RFI, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu, har da ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, wanda Maradi da Damagaram suka dogara da shi. A Disambar 2024 gwamnati ta dakatar da BBC na wata uku, bisa zargin yaɗa labaran ƙarya game da harin da aka kai wa sojoji, kuma takarda ce aka aika wa tashoshin FM da ke ɗauko shirye-shiryenta, shi ke nan. A tsakiyar Maris 2025 Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke magana tun 1979, ya yi shiru, wannan karon ba daga Yamai ko Abuja ba, daga Washington umarnin ya fito. Gwamnatoci uku, dalilai daban-daban, amma a wajen mai sauraro a Gangara abu ɗaya ne: ya kunna inda ya saba ji, bai ji ba.

Mu 'yan jarida ne, ba za mu ɓoye ba, ba mu goyon bayan rufe bakin kowace kafa. Maganin rahoton da ba daidai ba shi ne a fito da na daidai, da hujja, da wuri. Amma ko wanda ke ganin matakan sun dace ya kamata ya lura da abin da suka tona. Duk hanyar da muka koma dogaro da ita tana da makunni, makunnin kuma yana hannun wani. Salula na buƙatar dogon ƙarfen kamfani da caji da kuɗin data. FM na buƙatar tasha a kusa, mai lasisi, mai wuta. Siginar da ta faɗo daga samaniya da dare kuwa ba ta bi ta Ɗan Isa ba balle a tsayar da ita a shinge, batir biyu kawai take nema. A waɗannan watanni mutanen da ake yi wa dariya su ne aka riƙa zagayewa da safe ana tambaya me aka ce.

Wanda ya fi kowa sanin darajar wannan shi ne ɗan gudun hijira. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, aka tsugunar da wasu a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori. Mutumin da ya baro gonarsa da kabarin mahaifinsa yana son ya ji abin da gwamnan jiharsa ya ce, ko an buɗe kasuwar garinsu, ko hanya ta yi lafiya. Rediyon karkara na garin da ya sauka ba shi da wakili a can. Tashar jiharsa da ke kan AM ita ce ke iya bin sa har cikin bukkarsa. Haka Bafulatanin da ke bin dabbobi arewa da damina, inda ba sabis ba FM. Ba mu kaɗai ne ke cikin irin wannan hali ba: da yaƙi ya ɓarke a Ukraine a 2022 BBC ta koma gajeren zango don ta kai musu labari, ta yi haka wa Sudan a 2023, ta kuma yi amfani da matsakaicin zango don mutanen Gaza a ƙarshen wannan shekarar. Masu tauraron ɗan'adam da kansu, in rana ta ɓaci, tsohuwar hanya suke nema.

Za a ce mana kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a ƙorafin. Sautin AM ba shi da daɗi, wanda ya saba da waƙa a lasifikar Bluetooth ba zai jure shi ba. Na'urar watsa shi tana cin wuta, tana son fili da dogon ƙarfe da injiniya, shi ya sa Rediyon Faransa da na Jamus suka kashe tashoshinsu na matsakaicin zango a ƙarshen 2015. Za a kuma ce tashoshin nesa ba waliyyai ba ne, kowace da manufar wanda ke biyan ta, daga Landan har Alƙahira har Bejin. Haka ne. Sai dai mai littafin awo ya fi mai WhatsApp sanin haka. Shi ya san daga wace ƙasa muryar ta fito, a kan wace lamba, ƙarfe nawa, ya san ta wace gwamnati ce, gobe kuma zai same ta a wurin ya kama ta in ta yi ƙarya. Saƙon muryar da aka turo maka sau arba'in ba ka san bakin da ya fara faɗar sa ba. Faransa da Jamus kuma sun kashe nasu ne bayan wuta da intanet sun kai kusan kowane gida. Mu da mafi yawan ƙauyukanmu ba su ga turken lantarki ba, kwaikwayonsu a wannan fanni ganganci ne. Ko a Amurka, da kamfanonin mota suka fara cire AM daga sababbin motoci masu lantarki, 'yan majalisa sun gabatar da ƙudurin hana su a 2023, hujjarsu ita ce sanarwar gaggawa.

Abu biyu ke kashe wannan zango. Na farko a fili yake, tashoshi na ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, rabin layukan littafin kawuna yau shuuu kawai za ka ji a kansu. Na biyun ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne wanda hannunmu ke ciki. Kowa ya gwada wannan a daren yau: ya kunna AM, ya matsar da rediyon kusa da cajar waya mai araha, ko ƙwan fitilar LED, ko invatar sola. Ƙugin da zai ji shi ne abin da ya mamaye unguwanninmu. Waɗannan kaya suna yanka wuta dubban sau a cikin daƙiƙa, kuma waɗanda aka ƙera da arha an cire musu ɗan abin da ke tace hayaniyar, sai wayoyin gidan su zama eriya suna watsa ta. Shago ɗaya na cajin waya ya isa ya kurumtar da layi guda. Shi ya sa a cikin Maradi sai an ɗauke wuta zangon ke washewa, shi ya sa kuma wanda ke ƙauyen da ba lantarki ya fi mai gidan bene a birni jin duniya. Yanzu sola ta shiga ƙauyukan, abin murna ne, mu ma mun yi ta kiran a kai ta. Amma ɗan da ke Agadas ko Aljeriya ko Abijan, wanda ya aiko da faranti da invata don ya huce wa mahaifinsa, bai san ya toshe masa kunne ba, tsohon kuma ya ɗauka rediyonsa ce ta tsufa.

Ga hukumomi muna da magana biyu. Ana yawan zancen 'yancin kai a kwanakin nan. To ga wani ɓangare nasa da ba a ambata: da rana tsaka, a kan matsakaicin zango, muryoyin da suka fi isa Agye da Gazawa da Gidan Rumji daga ƙetaren iyaka suke fitowa. Ba laifin maƙwabta ba ne, 'yan uwa ne, muna kuma son jin su. Amma jihar da ke cikin mafi yawan jama'a a ƙasar nan ta cancanci tasha guda mai ƙarfi ta matsakaicin zango, da za ta rufe ta da rana daga iyakar Madarumfa zuwa makiyayar Dakoro, da dare kuma ta kai wa 'yan ci-raninmu na ƙasashen maƙwabta muryar gida. Na'urorin yanzu ba sa cin wuta kamar tsofaffin nan masu kwalabe. Wanda ya ga ɓarnar ambaliyar 2024 a jihar Maradi ya san amfanin murya ɗaya da za ta isa kowane ƙauye a lokaci guda ko da layukan waya sun faɗi. Sharaɗin kawai shi ne tashar ta faɗi abin da mutane za su yarda da shi, in ba haka ba murɗa ɗaya ce tsakaninta da Kaduna. Magana ta biyu, hukumar ARCEP da masu kula da ingancin kayan da ake shigowa da su su sani cewa zangon rediyo dukiyar jama'a ce kamar rijiyar gari. Caja da fitilar da ke zuba masa shara akwai ƙa'idar da ake auna su da ita a duniya, ba sabon ilimi za a ƙirƙiro ba.

Sauran maganar tamu ce. Wanda zai aika wa gida saƙo, ya haɗa da rediyo mai MW da SW na gaske. A yi hattara, da yawa daga cikin masu kebul da katin waƙa da suka cika kasuwa an rubuta AM a jikinsu ne don ado, kurame ne. A gwada kafin a biya, a fita daga shagon a yi nesa da wayoyinsa, a nemi 594 ko 729 ko 972. Salula ba za ta maye gurbinta ba, masu rediyo a ciki FM kaɗai suke kamawa. A kuma sani cewa doguwar eriyar ƙarfen nan da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango. Ta matsakaicin zango tana cikin akwatin, wani baƙin sanda ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, don haka jikin rediyon ake juyawa. In faɗinta ya fuskanci garin da tashar take sai murya ta ƙaru, in gefenta ya nuna shi sai ta nutse, da haka ake raba tasha biyu da suka hau kan juna, da haka ma ake gane daga wace kusurwa baƙuwar murya ta fito. Mai son ƙari ya samu waya mai tsawon mita 20 ko 30, ya rataya ta a kan gawo, ya naɗa 'yan zagaye a jikin rediyon, ya ɗaure ƙarshenta a ƙarfen da aka kafa a ƙasa mai laima. Kada ta kusanci wayar lantarki, kuma da an ga hadari a kwance ta. Wanda ya sa wa iyayensa sola ya nuna musu yadda ake kashe invata na awa ɗaya bayan isha'i, ko a fita da rediyon bayan gida, taku talatin ma yana sauya abu.

Daga yanzu zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi kowane kyau, dare ya yi tsawo, babu tsawa. Muna kira ga masu karanta mu a gundumomin nan uku, da na Tasawa da Madarumfa da Dakoro, da waɗanda ke Kano ko Sabha ko Tamanrasset, su samu littafi kamar na telan nan. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da lambar da allura ta tsaya, da harshen da aka ji, da sunan garin da ake zaune, a yi sau ɗaya da azahar, sau ɗaya bayan isha'i. Wanda ke da kaka ko kawu mai irin wannan littafi ya ɗauki hoton shafukan, da izininsa, kafin gara ta riga mu. A turo mana ta shafinmu, za mu haɗa su mu wallafa a ranar 13 ga Fabrairu, ranar rediyo ta duniya, gari-gari, don a ga tashoshin da har yanzu ke isowa jihar Maradi da waɗanda suka ɗauke. Inda ba a gane harshen ba a sa alamar tambaya, a naɗo mana rabin minti da salula, a dai riƙe ta nesa da rediyon kaɗan, ita ma tana ƙugi.